Tsofaffin katun na Amurka da zanen raini: tambayoyi da amsoshi

Daga 1930 zuwa farkon shekarun 1950, kamfanonin fim na Amurka sun fitar da ɗimbin gajerun katun, kowanne kimanin minti bakwai. Mafi yawansu har gobe ana kallo. Wasu kuwa kamfanonin da suka mallake su sun kulle, wasu an datse, wasu an liƙa musu gargaɗi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Me ke cikin waɗannan katun da ya jawo rigima?

Siffa ɗaya ce ake ta maimaitawa. Ana zana baƙar fata da fuska baƙa ƙirin, da leɓɓa manya masu haske da suka cinye rabin fuskar, da idanu zuru-zuru. Halinsa kuma bai wuce kaɗan ba: rago mai jan ƙafa, ɗan caca, ɓarawon kaji, mayen kankana, matsoracin fatalwa. Mace kuma ƙatuwar 'yar aiki ce mai ɗaurin kallabi da faɗa. Idan labarin ya koma Afirka, sai a kawo mutane da ƙashi a gashi, da ƙatuwar tukunya a kan wuta tana jiran Bature. Haka aka yi a Trader Mickey na 1932 da Jungle Jitters na 1938.

Katun dama sana'ar kambama siffa ce, kowa ana ja masa hanci ko kunne. Bambancin shi ne farar fata yakan fito da kamanni iri-iri da hali iri-iri, shi kuwa baƙar fata kuɗin goro aka yi masa: fuska ɗaya, hali ɗaya, daga wannan kamfani zuwa wancan.

Masu zanen ne suka ƙirƙiro wannan siffa?

Gado suka ci. Tun wajen 1830 wani ɗan wasa farar fata, Thomas Dartmouth Rice, ya yi suna da shafa baƙi a fuska yana rawa da waƙa da sunan Jim Crow. Baƙin kuwa na ƙonanniyar toshiyar kwalba ne, ana shafe fuska da shi a bar zagayen baki. Zuwa shekarun 1840 wannan wasa ya zama babbar sana'a a Amurka, kuma daga baya sunan Jim Crow ya koma sunan dokokin wariya na jihohin kudu. Lokacin da fim ya fara magana, The Jazz Singer na 1927 ya fito da Al Jolson, mawaƙi farar fata, da baƙi a fuska.

Masu katun na farko a cikin wannan dandali suka tashi. Bosko, tauraron farko na Looney Tunes, jerin katun na kamfanin Warner Bros., a 1930, yaro ne baƙar fata a irin wannan zubi. Mickey Mouse ya fara sa farar safar hannu a 1929. Akwai dalilin aiki a nan, domin baƙin hannu a kan baƙin jiki ba ya fitowa a fim mara launi, amma kuma farar safa kayan 'yan wancan wasa ce, shi ya sa masana tarihin katun da dama suke haɗa su. A Mickey's Mellerdrammer na 1933 kuwa ba a ɓoye ba: Mickey ya kunna abin fashewa a bakinsa don fuskarsa ta yi baƙi kafin ya hau dandamali.

Mece ce maganar katun goma sha ɗaya da aka hana nunawa?

Warner Bros. ya sayar da tsofaffin katun ɗinsa masu launi na kafin Agustan 1948 ga wani kamfani a 1956, daga nan suka faɗa hannun United Artists a 1958. A 1968 United Artists ya zare guda goma sha ɗaya daga jerin da yake ba gidajen talabijin haya. Babu gwamnati ko kotu a cikin wannan hukunci. Shawarar kasuwa ce, shekara huɗu bayan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964.

An zaɓe su ne saboda almakashi ba zai yi musu magani ba. A wasu katun wasan raini sakan biyar ne, a yanke a wuce. A waɗannan kuwa daga farko har ƙarshe shi ne labarin. Mafi tsufa Hittin' the Trail for Hallelujah Land ne na 1931, na ƙarshe su ne Angel Puss da Goldilocks and the Jivin' Bears na 1944. Kuma ba aikin 'yan koyo ba ne. Friz Freleng ya ba da umarnin huɗu, Tex Avery uku, Bob Clampett biyu, Chuck Jones ɗaya, Rudolf Ising ɗaya. Waɗannan su ne manyan sana'ar. A 2010 an nuna takwas daga ciki, bayan an gyara su, a bikin fina-finai na tashar talabijin ta TCM a Hollywood, amma har yanzu ba a fitar da jerin a kasuwa ba.

Idan cin mutunci ne, me masana suke yabawa a ciki?

A nan sai an san yadda ake yin aikin. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowane sakan, don haka katun na minti bakwai hoto 10,080 ne. Don rage aiki, yawanci zane ɗaya ake ɗauka sau biyu, wato zane 12 a sakan. Inda motsi ya yi sauri sai a koma zane ɗaya ga hoto ɗaya. Babban mai zane yana yin muhimman tsayuwa da fensir, mataimaka su cike tsakani, sannan a kwafe kowane zane da tawada a kan takardar roba mai garai-garai, a shafa fenti ta bayanta, a ɗora kan zanen bango, a ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya.

Kiɗa ma da lissafi yake tafiya. Darakta yana rubuta wa kowane motsi adadin hotunansa a takarda tun kafin a zana. Bugu ɗaya a kowane hoto 12 yana ba da bugu 120 a minti. A kowane hoto 8 kuwa bugu 180. Idan mai zane ya yi kuskuren hoto biyu kacal, ƙafa za ta sauka bayan ganga ta buga, rawar ta mutu.

Da wannan ma'auni ake yabon Coal Black and de Sebben Dwarfs na Bob Clampett, wanda ya fito a Janairun 1943. Labarin Snow White aka juya da baƙaƙen fata da kiɗan jaz a lokacin yaƙi. Saurinsa ya wuce na kusan duk abin da ake yi a zamanin, kuma bai taɓa saɓa wa kiɗan ba. Rod Scribner, ɗaya daga masu zanen, yakan bar jiki ya miƙe ya murɗe ya fita daga siffarsa na hoto ɗaya ko biyu, ido bai kama zanen ba amma yana jin ƙarfinsa. A 1994, da aka tambayi ma'aikatan sana'ar katun su zaɓi guda 50 mafi inganci, wannan fim ya zo na 21.

Yabon gaskiya ne. Amma mu ba mu yarda da masu cewa a kalli gwanintar a kawar da kai daga sauran ba, domin abu ɗaya ne a takarda ɗaya. Hannun da ya murɗa jikin da kyau shi ne ya zana leɓɓan, shi ne ya sa wa yariman labarin 'ya'yan ludo biyu a madadin haƙoran gaba. A cikin fim ɗin akwai motar 'yan kisan haya da aka rubuta wa farashi a jiki, aka ce kisan Japanawa kyauta ne. Gwaninta ma ƙara wa rainin ƙarfi ta yi: katun mara kyau ana mantawa da shi, wannan kuwa yana zama a ka.

Ta yaya mai kallo zai raba abin da yake na fasaha da abin da yake na raini?

Akwai gwaji mai sauƙi. A cire mutumin a zuci, a sa wani a wurinsa, a ga ko dariyar ta tsira.

Kamfanin Warner da kansa ya yi wannan gwaji ba da niyya ba. A All This and Rabbit Stew na 1941, Bugs Bunny yana wasa da hankalin wani maharbi baƙar fata mai magana a kasalance. Akwai wurin da zomon yake juya kututturen icce mai rami har maharbin ya fito ta bakin dutse ya tsaya a iska. A 1946 Clampett ya sake amfani da wannan wasa a The Big Snooze, ya sa Elmer Fudd, maharbi farar fata, a gurbin maharbin, dariyar ba ta ragu ba. Ke nan wannan wasan na lissafin lokaci ne. Ƙarshen fim ɗin 1941 kuwa, inda zomon ya kaɗa 'ya'yan caca maharbin ya rikice har ya rasa tufafinsa, ba zai yi aiki da Elmer ba. Sai mai kallo ya riga ya yarda cewa baƙar fata ba ya iya kame kansa daga caca.

Haka Tin Pan Alley Cats na 1943. Sashen da ake yaba masa, na wata duniyar mafarki mai ruɗani, yawancinsa an ɗebo shi ne daga Porky in Wackyland na 1938. Wanda yake son wannan fasaha yana da inda zai same ta.

Ba zamaninsu ba ne haka? Me ya sa za a auna su da ma'aunin yau?

An auna su tun a zamaninsu. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, wadda aka kafa a 1909, ta yi ƙorafi kan Coal Black a shekarar da ya fito. Da aka sake fitar da Scrub Me Mama with a Boogie Beat na Walter Lantz a 1948, ƙorafinta ya sa Universal ya janye shi. Ranar da aka buɗe Song of the South na Disney a Atlanta, a Nuwamban 1946, James Baskett, baƙar fata da ya fito a matsayin tauraro, bai halarta ba saboda dokar wariya ta garin. Idan aka ce mutanen zamanin ba su ga laifi ba, fararen zamanin ake nufi.

Abin da yake gaskiya a wannan uzuri shi ne yawancin masu zanen ba su ɗauki kansu maƙiya ba. Clampett masoyin jaz ne, yakan je gidajen rawa na baƙaƙen fata a Los Angeles. Niyya tana bayyana yadda aka yi abin, ba ta sauya abin da ya hau allon silima.

Ai baƙaƙen fata ne suka yi muryoyi da kiɗa a wasu. Wannan bai wanke su ba?

Sun yi. Vivian Dandridge da Leo Watson suna cikin muryoyin Coal Black. Amma ba su rubuta ba, ba su zana ba, ba su da ta cewa kan siffar da za a ɗora wa muryarsu, kuma ayyukan da Hollywood ke ba su ba su da yawa. Ɗakunan zane na farare ne kusan zalla. Floyd Norman, wanda ya zama baƙar fata na farko da ya daɗe yana zane a Disney, sai 1956 ya shiga.

Kamfanin Fleischer ya nuna duka fuskokin biyu a shekara ɗaya, 1932. Da Cab Calloway, mawaƙin jaz baƙar fata, sun ɗauki rawarsa a fim suka bi ta da fensir hoto bayan hoto, da na'urar da Max Fleischer ya ƙirƙira, suka ɗora wa wata dabbar teku. Takunsa na gaske ya tsira a zane. Da Louis Armstrong kuwa, shi ma mawaƙin jaz baƙar fata, kan wani mai cin naman mutane ne yake shawagi a sama yana bin taurarin katun ɗin, sai ya rikiɗe ya koma fuskar Armstrong yana waƙa.

Ba kamar wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba ne, ko Kanawa da Zagezagi?

A'a. Wancan wasa ana ramawa, kowa yana da bakin faɗa, kuma kowa ya san iyakarsa. A nan ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara da silima da doka. Wanda ake zolaya a jihohin kudu ko dai an hana shi shiga silimar, ko an tura shi bene na sama ta wata ƙofa daban.

Tom and Jerry da yara ke kallo a gidajenmu fa?

Yana ciki. Tsakanin 1940 da 1952 wata mata baƙar fata mai silifa da tsintsiya ta fito a guda 19, yawanci daga kafaɗa zuwa ƙasa kawai ake ganinta. Lillian Randolph ce ta yi muryarta. A shekarun 1960 an sake zana ta a wasu a matsayin farar mace, June Foray ta yi sabuwar murya. Daga baya aka dawo da zanen asali, aka sa Thea Vidale ta sake karanta maganganun ba da karyayyen Turancin da ba. Saboda haka fim ɗaya yana iya yawo da kwafi uku mabambanta.

Na biyu shi ne wasan fashewa: wani abu ya fashe a fuskar Tom ko Jerry, hayaƙi ya washe, sai ga baƙar fuska da manyan leɓɓa da ƙananan kitso masu ƙyalle. Idan kun taɓa ganin fashewa ta tashi sai hoto ya yi tsalle kiɗa ya yanke, galibi a nan aka sa almakashi. Tarin da ake turawa a waya ko a saya a faifai sau da yawa gauraye ne, wani an datse wani ba a datse ba.

Baƙar fata kaɗai aka yi wa haka?

Su ne suka fi shan sa, amma ba su kaɗai ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an zana Japanawa da manyan haƙora da tabarau, kamar a Tokio Jokio na 1943, daidai lokacin da gwamnati ta tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni. A Three Little Pigs na 1933 kerkecin ya yi shigar Bayahude ɗan talla, aka sake zana wurin a 1948. Peter Pan na 1953 ya yi wa Indiyawan Amurka, wato mazauna ƙasar na asali. Larabawa kuwa takobi ne da ihu da haɗama, kuma abin ya kai har 1992, shekarar da fim ɗin Aladdin ya fito, wanda aka sauya baiti a waƙar buɗe shi a 1993 bayan ƙorafin Larabawan Amurka.

Speedy Gonzales, wani ɓeran katun ɗan Meziko, ya bambanta. Gidan talabijin na Cartoon Network ya ajiye shi a 1999, sai 'yan asalin Meziko da sauran masu jin Sifaniyanci suka nemi a dawo da shi, aka dawo da shi a 2002. Hujjarsu ita ce ɓeran shi ne mai wayo, shi ne mai nasara kullum. Waɗanda aka zana ɗin su ne suka yanke hukunci.

Wace hanya ce ta fi: yankewa, kullewa, ko gargaɗi?

Kowacce da matsalarta. Yankewa yana ɓata lissafin kiɗa, tun da kowane hoto an ƙirga shi. Fantasia na 1940 yana da wata 'yar doki-mutum baƙa mai goge kofaton farare. Tun 1969 aka kawar da ita. A kwafin baya an matso da hoton ne a yanke gefen da take, shi ya sa wurin yake fitowa da ƙura-ƙura ba kamar sauran ba. Babbar illar kuwa ita ce yankewa yana wanke kamfanin, mai kallo ya zaci ba a taɓa yi ba.

Kullewa yana mai da fim abin marmari. Song of the South rabonsa da silima a Amurka tun 1986, Disney bai taɓa sayar da shi a faifai a can ba, amma kwafin sata bai yanke ba, kuma babu wani bayani tare da shi.

Gargaɗi shi ne ya fi kusa da daidai, idan da nama a cikinsa. A 2005 Warner ya sa Whoopi Goldberg, 'yar fim baƙar fata, ta gabatar da wani tarin Looney Tunes, ta yi bayanin cewa abin kuskure ne a da da yanzu, kuma cire shi daidai yake da cewa bai faru ba. Disney+, dandalin kallon fim na Disney a intanet, ya fara da gajeren layi a 2019, ya faɗaɗa shi a Oktoban 2020, sannan a 2021 ya cire Dumbo da Peter Pan da The Aristocats daga sashen ƙananan yara. Layi ɗaya da ke cewa akwai "tsohon yayi" bai gaya wa kowa komai ba. Mai amfani shi ne wanda ya faɗi wane wuri, wace siffa, daga ina ta fito.

Me zai hana a bar su su ruɓe?

Shaida ce. Kuma ruɓewar ba wuya: har wajen 1951 fim na nitret ne, yana kama wuta da sauƙi, yana narkewa ya koma gari idan ba a ajiye shi cikin sanyi da bushewa ba. Wanda ya gaje shi, na asitet, idan ya fara lalacewa yakan yi warin tsami ya ƙanƙance. Katun mai launi kuma kowane hoto sau uku aka ɗauke shi a jere, ta matatar launi uku, a kan fim mara launi. Wajen gyara sai an haɗa ukun daidai a kwamfuta, in sun goce sai layuka su yi gefe ja ko shuɗi. Manhajar share ƙura ma takan ɗauki siririn layin tawada a matsayin ƙarzuwa ta goge shi, musamman inda motsi ya yi sauri, wato daidai wurin da gwanintar take.

A Jami'ar Ferris da ke jihar Michigan akwai gidan tarihin Jim Crow, wanda David Pilgrim ya kafa da kayan raini da ya tara, don koyarwa. Muhallin waɗannan katun ke nan.

Malami ko uba zai iya nuna su?

Ga ƙananan yara, a'a. An yi su ne don silima, a gaban babban fim, ga manya da yara a haɗe. Talabijin ce ta mai da su abin renon yara a shekarun 1950. Yaro ɗan shekara shida siffar zai ɗauka, bayanin ya wuce shi. Iyaye su fara kallon tarin da suka samo kafin su miƙa waya.

Ga ɗaliban babbar sakandare da jami'a, ana iya yi bisa tsari. A fara da hotunan 'yan wasan shafa baƙi da bayanin dokokin wariya, kafin a kunna komai. A nuna fim ɗaya kacal, cikakke. A sake nuna sakan 20 daga ciki ba sauti, ana tsayarwa hoto-hoto, ɗalibai su rubuta abin da jiki yake yi daban, abin da fuska take cewa daban. Sannan a yi gwajin sauya mutum. Kuskuren da aka fi yi shi ne jero guda biyar ko shida a zama ɗaya: zuwa na uku ido ya saba, aji ya koma dariya.

Me ya sa wasu suke a intanet kyauta, wasu kuwa da an ɗora sai a sauke?

Tsohuwar dokar Amurka tana ba da haƙƙin mallaka na shekara 28, sai an sabunta kafin a ƙara. Waɗanda aka manta ba a sabunta ba sun zama na kowa, ciki har da Jungle Jitters da All This and Rabbit Stew. Su ne suka cika faifan araha, yawanci daga tsofaffin kwafi masu faɗin milimita 16 da launinsu ya koɗe ya koma ja-ja, don haka ba a auna ingancin zanen da su. Waɗanda aka sabunta suna da kariyar shekara 95 daga fitowarsu. Da wannan lissafi Steamboat Willie na 1928, katun ɗin Mickey Mouse, ya fita daga hannun Disney ranar 1 ga Janairun 2024. Coal Black kuwa, wanda daga baya ya koma hannun Warner, in dokar ba ta sauya ba, yana hannunsa har zuwa 1 ga Janairun 2039.